Kawu da Ƙudajensa

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi a gidansa na Unguwar Sanusi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Na zauna zaman makokin tun daga farko har aka tashi, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ka ce wani mamacin daban ya zo yi wa addu'a.

Mutanen masallacin layinsu suka ce an yi rashin likita, alhali Kawu bai taɓa yi wa kowa allura ba. Wata tsohuwa ta ce Allah ya jiƙan mai haɗa maganin sauro. Maigidana ya ba ni labari cewa a tabarmar maza wani dattijo ya rage murya ya ce shi dai ya daɗe yana jin marigayin na tsare da ƙudaje a cikin kwalba, kuma mutum ba ya tsare irin wannan abu a banza. Da aka harare shi ya bar maganar. Ɗalibansa na jami'a sun zo daga nesa, maza da mata, suna kiransa Farfesa, suna magana rabi Hausa rabi Turanci a kan wani aiki da suka ce ya bari bai ƙarasa ba. Wata mai sayar da ayaba a kasuwar Kakuri, Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta shigo ta zube a tsakar gida tana kuka, har sai da matar Kawu ta tashi daga inda take ta riƙe ta, mai takaba tana lallashin baƙuwa. Ita kuwa mahaifiyata, Umma, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Tana amsa gaisuwa fuska a ɗaure, kamar wadda aka yi wa laifi.

Cikin haka wata ƙanwar surukata ta matso kusa da ni ta tambaye ni, wai shi marigayin mene ne ainihin aikinsa. Ni malamar makaranta ce, da baki nake ci, amma na buɗe bakin na rasa ta inda zan faro. Na ce mata yana binciken ciwon daji ne. Ta ce to ba shi ne ya kashe shi ba? Na ce shi ne. Ta dube ni, na dube ta, aka kawo ruwa maganar ta mutu. Tun ranar nake son in zauna in rubuta abin da na sani game da shi, don kada jikokinsa su taso su tarar ba abin da ya rage sai maganar dattijon nan na tabarma. Sai dai in faɗa tun yanzu, ni ma ban gama gane shi ba.

Uwata yake ce min, domin sunan mahaifiyarsu aka sa min. Dogo ne siriri, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, shayinsa ba sukari. Yana da wata magana da ta zame masa jiki har yara ke kwaikwayonsa da ita: "Ban sani ba tukuna." Ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, ban sani ba tukuna. Ka tambaye shi ko yaron da ya zo neman 'yarsa mutumin kirki ne, ban sani ba tukuna. Umma takan ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya yi karatu har ƙasar waje ya dawo da rashin sani ba sai yayanta.

Da ya yi ritaya aka ba wani malamin ɗakin aikinsa, sai ya kwaso kwalabensa ya kawo gida, ya share ɗakin ajiyar da ke bayan madafa ya jera su. Ƙananan ƙudajen nan ne masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, waɗanda ko ƙwayar gero ba su kai ba, amma nasa ba na bola ba ne. Wasu tun daga waje ya taho da kakanninsu, kowace kwalba da irin da ke cikinta, an toshe bakinta da auduga. Zafi na kashe su, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa, shi ya sa idan bazara ta kama yakan sa ƙaramar randa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi mai laima, ya jera kwalaben a ciki. Ɗakin wari yake kamar furar da ta kwana. Abincinsu garin masara ne da sukari da yis ɗin burodi, a dama a dafa, a zuba a gindin kwalba. Ranar farko a tukunyar miyar matarsa ya dafa, aka yi kwanaki ana ƙananan maganganu. Daga baya da ta ga kullum sai ya ƙona, ta sayo tukunya daban ta karɓe aikin. Takan ce ta yi wa mutane girki, ta yi wa kaji tsaki, amma ba ta taɓa zaton da tsufanta za ta koma yi wa ƙuda talge ba. Duk da haka idan ya yi tafiya ita ke leƙa randar ta yayyafa wa yashin ruwa.

Sau ɗaya ya taɓa zaunar da ni ya yi min bayani sosai. Na kai wa matarsa ɗinki ne, na same shi a ɗakin yana juya ƙudaje da ɗan buroshi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ya ce in zo in gani. Na farko idonsa ja ne, sumul, an jera shi kamar ɗinkin hula. Na biyu kuwa kansa ya kumbura ya nannaɗe, idon ya turo gefe, har na ja da baya.

Ya ce jikin mutum da na ƙuda duk da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina su, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da wani sinadari da shi yake kira almakashi. A rufe almakashin yake zaune. Idan ƙwayar ta lalace ko ta gama aikinta, sai umarni ya zo, almakashin ya buɗe, ta yayyanke kanta daga ciki, maƙwabtanta su share wurin. Ya ɗaga tafin hannunsa ya ce da ba don wannan mutuwar ba, da yatsunmu a haɗe za a haife mu, domin ƙwayoyin da ke tsakaninsu ne suke mutuwa tun muna ciki. Daji kuma, in ji shi, sau da yawa ƙwaya ce da lokacinta ya yi ta ƙi tafiya, ta zauna tana ta haihuwa.

Har nan na bi shi, har na ji daɗi na ce ashe abin da sauƙi: a nemo abin da zai buɗe almakashin, shi ke nan. Sai ya yi murmushi ya nuna min ƙudan mai kumburi. Ya ce wannan almakashinsa a buɗe yake. Wai ƙwayar da take mutuwa, kafin ta ƙarasa, takan aika wa maƙwabtanta saƙo su hayayyafa su cike gurbinta, kuma almakashin ne da kansa ke tayar da saƙon. A wannan ƙudan an bar ƙwayoyin sun fara mutuwa, aka hana su ƙarasawa, sai suka zauna suna ta kira, maƙwabta suna ta amsawa, har kai ya zama abin da na gani.

Na ce, "To Kawu, almakashin nan kare mu yake yi daga dajin, ko ciyar da shi yake?"

Ya ce, "Uwata, tambayar da ta hana ni hutun ritaya ke nan."

Na fito ɗakin kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na shiga. Da na ba Umma labari ta ce ai ita ta san dalilin duk wannan wahalar: mahaifiyarsu wani kumburi ne a ciki ya kashe ta, wanda ba a taɓa faɗa musu sunansa ba, kuma Kawu ne ya yi jinyarta yana saurayi. Na koma na tambaye shi. Ya ce a'a, malamin da aka haɗa shi da shi a waje ne kawai yake aiki da ƙudaje, da kifi yake aiki da yanzu kifi yake kiwo. Har yau ban san wanda zan gaskata a cikinsu ba.

Rigimarsa da yayansu, wanda muke kira Kawu Babba, ita ma a kan ƙudajen ce. Kawu Babba ɗan kasuwar yadi ne tun zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, kuma shi ya tsaya wa ƙanensa har ya gama karatu. Burinsa a ce ga likita a gidansu. A wani taron suna a Tudun Wada wani baƙo ya tambayi wane ne wannan, sai Kawu Babba ya ce cikin mutane, ƙanena ne, makiyayin ƙuda. Aka yi dariya. Kawu ya sa takalmansa ya tafi, ko tuwon bai taɓa ba. Daga ranar sai a Sallah suke haɗuwa, su gaisa a tsaitsaye. Shekaru aka yi a haka. Umma ta yi ta kai gwauro tana kai mari a tsakaninsu, babban ya ce shi wasa ya yi, ƙaramin ya ce shi bai yi fushi ba. Amma ƙafa dai ta ɗauke. Abin da ya ba ni mamaki, ranar da aka fara kwantar da Kawu a asibiti, Kawu Babba ne ya riga kowa zuwa, ya shimfiɗa darduma a baranda, ya ƙi tafiya. Ban ji sun yi maganar baya ba. Labarin farashin yadi da na ƙwallo kawai suke yi.

Ita mai ayabar nan, a wurinta yake karɓar wadda ta nuna ta yi laushi, don yakan kama ƙudajen gari ya gwada su da nasa. Baba take ce masa. Wata rana ya lura tana ɗaga kaya da hannu ɗaya, ya tambaya, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta aika 'yarta ta faɗa wa matarsa cewa ƙullutu ne ya fito mata a mama, an haɗa mata wani magani tana shafawa, kuma ita ba za ta asibiti a yanke ta ba. Washegari ya je rumfarta ya zauna a kan benci. Ita da bakinta ta ba ni labarin: ta ce tun safe yana zaune, ba ya faɗa, ba ya wa'azi, mai saye ya zo ya miƙa masa leda, har rana ta take ta gaji ta ce Baba mu je. Shi ya tare musu Keke, shi ya bi layi, shi ya tsaya likita ya yi mata bayani ya sake fassara mata a hankali. Aka yi mata aiki, aka shiga ƙara mata ruwan maganin nan da ake kira kemo. Duk ranar zuwa da shi ake zuwa. Gashinta ya zube, ta rame, ta ce ta fasa. Ya ce mata ba ta isa ba. Mutumin da ko maganar ruwan sama ba ya yanke wa hukunci, a kan wannan bai taɓa cewa "ban sani ba tukuna" ba. Ta tashi, ta koma rumfarta, aka bar ta da ƙwayoyin da take sha kullum da zuwa dubawa lokaci-lokaci.

To a nan ne kaina yake kullewa.

Nasa ciwon da ciwon baya ya fara. Ya daɗe yana cewa zaman madubi ne. Da aka yi hoto aka ce daji ne, kuma ya taɓa ƙashi. Ya karɓi maganar kamar an ce masa gobe Alhamis. Aka fara masa kemo, ya je na farko, ya je na biyu, ya sha wuya ƙwarai. Ana gobe za a koma sai ya ce wa matarsa a bar shi haka nan, ba zai sake zuwa ba.

Gida ya rikice. 'Ya'yansa suka yi ta waya. Kawu Babba ya ce ko gidansa ne a sayar a fita da shi waje. Umma ta zo daga Tudun Wada ko mayafi ba ta gyara ba, ta tsaya a kansa ta ce, "Yaya, ka ja 'yar mutane asibiti kamar akuya har ta warke, kai kuma ka kwanta ka ce a bar ka? Mu ba mu da hakki a kanka?" Ya ce ta zauna ta sha ruwa. Ta ƙi zama. Ta ce in dai wani abu ya gani a cikin kwalaben nan da ya tsorata shi da maganin, to ya faɗa kowa ya ji, a daina kai mutane. Ya ce ba haka ba ne. Ta ce to mene ne. Ya rufe ido. Ta fita tana haki, kuma ko da ta ci gaba da zuwa kullum da kunu da farfesu, daga gaisuwa ba ta ƙara masa komai har ya bar duniya.

Ni maganar Umma ta shige ni, domin na tuna bayanin ƙwayar da ke mutuwa tana kiran maƙwabtanta. Kemo kashe ƙwayoyi yake yi. Na ce a raina ko dai Kawu ya ga cewa kashe su ɗin ne ke tayar da wasu. Na jira ranar da muke mu biyu, ina yanke masa farce, na tambaye shi kai tsaye.

Ya miƙo min ɗaya hannun. Sannan ya ce, "Ƙuda ba mutum ba ne, Uwata. Abin da na gani a kwalba tambaya ce, ba fatawa ba. Maganin nan yana ceton mutane, da idona na gani. Kada ki bari kowa ya yi koyi da ni."

Na ce to shi me ya hana shi. Ya ce in yi hankali da ɗan yatsan, na kusa kai wa nama.

Da a nan maganar ta tsaya da na huta. Amma bayan kwana kaɗan likitansa ya zo duba shi a gida, wani tsohon ɗalibinsa ne, na ga Kawu yana riƙe da hoton ƙashinsa a jikin taga yana tambayarsa, wai a cikin waɗannan wuraren wanne ne ya girma bayan an fara maganin, wanne ne ya girma kafin nan. Idonsa har ƙyalli yake, irin na ranar da ya nuna min ƙudan nan. Ban san ko mara lafiya ne ke tambaya ko malami ba.

Bayan rasuwarsa na bi mutane ɗaya-ɗaya. Matarsa ta ce gajiya ce kawai; ya ce mata yana son ya riƙa jin ɗanɗanon shayi, ya yi sallah a tsaye muddin zai iya. Likitan ya ce ciwon ya riga ya yi nisa, maganin jinkiri kawai zai ƙara masa, kuma Farfesa ya fi kowa sanin haka. Amma ya ƙara da cewa shi da zai so a ci gaba. Kawu Babba ya ce tawakkali ne, ƙanensa ya fi su duka imani, su ne ba su lura ba. Wata ɗalibarsa da ta zo da kwali ta kwashe kwalaben zuwa jami'arsu, da na tambaye ta, sai ta ce ita ma ta tambaye shi a waya, ya canza magana ya koma tambayarta ko ɗakinsu na da sanyi. Umma kuwa ta ce taurin kai ne, tun yana yaro haka yake, kuma ita ta yafe masa don Allah amma ba ta gane ba. Kowanne idan ina saurarensa sai in ji shi ne mai gaskiya, in na fito kuma in rasa.

Ana cikin haka ranar dubawar mai ayaba ta zagayo. 'Yarta ta kira ni ta ce mamarta ta ce ba za ta ba, kuma ta daina shan ƙwayoyin tun ranar makoki. Na nemi izini a makaranta na hau Keke zuwa Kakuri. Na same ta tana jera kaya. Ta ba ni benci, ta ba ni ayaba. Can ta ce ita ba ta yi boko ba, amma tana da hankali: Baba ya san ciwon nan ciki da waje, kuma da ya zo kansa ya ajiye maganin. In akwai abin da ya sani ya ɓoye mata don kada ta tsorata, in faɗa mata tsakanina da Allah.

Duk tambayoyin da na yi ta yawo da su gida-gida su ne ta ɗora min a cinya, kuma ita ba labari take nema ba, jikinta ne. Na ce mata gaskiya ban san dalilin da ya sa ya daina ba, na tambayi kowa ban samu ba. Amma na san abu ɗaya da ya faɗa min da bakinsa ina riƙe da hannunsa: maganin yana ceto, kuma kada in bari kowa ya yi koyi da shi.

Ta ce, "Haka ya ce?"

Na ce haka ya ce.

Ta ajiye ayabar da ke hannunta. Sannan ta ce Baba bai kyauta ba, ta share ido da bakin zaninta, ta kira maƙwabciyarta ta ce ta duba mata rumfa. Muka tare Keke. Da muka isa na bi mata layi, aka kira ta, ta miƙo min jakarta ta shiga, ni kuma na zauna a kan bencin ina jiranta.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ya tafi da shi bai faɗa ba. Ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya zuciyar Umma, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.